Ina Kake A Ranar Da Rana Ta Yi Duhu?

Jama'a masu karatu, akwai wata tambaya wadda in aka jefa ta a dandalin hira a nan ƙasar Yankwashi, to, ranar ba a tashi da wuri, wato, "Ina kake sa'ad da abu kaza ya faru?" Mun gwada ta a Karkarna, mun gwada ta wajen dangi a Roni da Gwiwa, ko'ina kuwa sai ka ga dattijo ya gyara zama, ya ambaci gonar da yake ciki da mutumin da ya kawo masa labari, sai ka ce jiya aka yi.

Iyayenmu sukan fara da ran Jumma'a 13 ga Fabrairu, 1976, da aka kashe Janar Murtala Muhammed a Ikko. Sun ce kiɗan soja suka fara ji a rediyo da safe, tun kafin a faɗi kome gaban kowa ya faɗi. Daga nan sai su tsallako zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da Janar Babangida ya yanke Jigawa daga Kano. Mutum ya wayi gari Bakano, ya kwana ɗan Jigawa, aka ce hedkwata ta koma Dutse, alhali Kano ce a bakin ƙofarsa.

Mu kuwa da muka taso daga baya, abin da ya fara zauna mana a rai shi ne na ran Talata 11 ga Satumba, 2001. Muna yara aka kewaye rediyo da magariba ana jin Sashen Hausa na BBC, cewa jiragen sama sun rushe dogayen benaye biyu a birnin New York na Amurka, mutum kusan 3,000 suka hallaka. Mun ɗauka abin nesa ne. Ashe in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ran 7 ga Oktoba Amurka ta fara jefa bama-bamai a Afganistan, ba a cika mako ba tarzoma ta ɓarke a Kano, aka yi asarar rayuka. 'Yan'uwanmu da ke neman abinci a can suka riƙa dawowa gida da 'yan ƙullin kayansu. Ba mu manta ba, maƙwabtanmu Musulmi ne suka fara shigowa yi mana barka da arziki.

Amma ranar da ta fi kowace, ita ce Laraba 29 ga Maris, 2006. An gama ƙidayar jama'a ke nan da kwana biyu. Rediyo ya yi ta gargaɗi cewa za a yi husufin rana, kada kowa ya dube ta da ido tsirara don tana makantarwa, amma da yawa suka ce zancen 'yan boko ne. Da hantsi sai haske ya fara dusashewa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Zafin bazara ya sauka, wata iska mai sanyi ta taso, kaji suka nufi akurki, awaki suka kama kuka. Mata suka zuba ruwa a kwano suna leƙen rana a ciki, yara suka ɗauki gwangwanaye suna kaɗawa, aka tafi masallaci salla, mu ma iyayenmu suka tara mu a tsakar gida aka durƙusa. Wata tsohuwa a gidanmu ta bi kishiyarta har ɗaki tana neman gafara, don ta tabbata tashin duniya ne. Da haske ya komo, zakaru suka yi cara kamar asuba, su biyun kuma ba su sake faɗa ba har mutuwa ta raba.

Dalilin abin kuwa ba boyayye ba ne. Wata ne ya gitta tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo ƙasa. Ta faro daga Brazil, ta haye teku, ta bi ta Ghana, Togo da Binin, ta ratsa Gusau da Katsina inda rana ta rufe ruf, ta wuce Nijar da Libiya da Turkiyya har Mongoliya. Inda duhun ya fi daɗewa, wajen iyakar Chadi da Libiya, minti 4 ne da daƙiƙa 7.

Ga wani abin mamaki. A wannan rana ce aka kama Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, a Gamborun Ngala ta Jihar Borno, yana shirin tsallakawa Kamaru. Tun 2003 yake gudun hijira a Kalaba. A 2012 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 50 saboda hannunsa a yaƙin Saliyo. Duniya ta rubuta wannan a littattafai, amma labarin tsohuwa da kishiyarta ba wanda ya rubuta.

To, a nan gizo ke saƙar. Cikin dattawan da suka ba mu labarin fari na 1973, da yadda aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a wannan shekarar, yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Wasu sun tafi ne a 2020, shekarar korona, da aka rufe Kano cikin Afrilu, hanyar Kano zuwa Daura ta yi tsit. Kowane ya tafi da abin da idonsa ya gani.

Saboda haka muna roƙon matasa, musamman 'yan makaranta, ku sami littafi na kwabo kaɗan ko wayar hannu, ku zauna gaban Kaka da Baba, ku yi musu tambayar nan, ku rubuta shekara da wuri da sunan mai ba da labari. Masana sun ce ran 20 ga Maris, 2034, husufi zai sake ratsa Nijeriya ta wajen Ikko. In Allah ya kai mu, 'ya'yanmu za su tambaye mu yadda na farko ya kasance, ya kamata su tarar da amsa a rubuce.