Gargaɗi: Kada Ka Sauya Kwaɗo, Kada Ka Watsar Masa da Kaya

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, musamman ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima da ƙananan ma'aikatan da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki, a saurara da kyau. Idan abokin zamanka ya daina biyan rabonsa na haya, kada ka kuskura ka fitar da shi da hannunka.

Na san zafin abin. Kun kama ciki da falo a Badariya ko Gesse, ko kusa da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, a kan kowa zai kawo rabi. Shekara ta zagayo, ejan mai gida yana kiranka safe da yamma, abokin zamanka kuwa kullum sai "ka ƙara haƙuri, albashi bai shigo ba." Ranar da tura ta kai bango sai ka sayo sabon kwaɗo, ka jibge katifarsa da jakarsa da risho a bakin ƙofa. To daga nan reshe ya juye da mujiya. Ya ce wayarsa ta ɓace, ko ruwan sama ya jiƙa takardun makarantarsa, kai mai bin bashi kai za a aiko wa sammaci. Ko gwamnati ba a ɗaga mata ƙafa ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tsiya, alhali maganar tana gaban kotu.

Fara da duba rasit. Idan sunayenku duka biyu ne a kai, ba ka da hurumin tashinsa, wannan aikin mai gida ne. Naka shi ne neman kuɗin da ka biya masa. Idan kuwa sunanka kaɗai ne, kai yake ba kuɗi, ba shi notis a rubuce mai kwanan wata, a gaban shaidu biyu, ka ajiye kwafi. A tsarin haya da aka saba a Najeriya, in ba ku yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sannan wani na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Kuskuren lissafin kwanaki kan rusa shari'a, don haka a nuna wa lauya takardar. Marar hali ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa.

Kafin kotu, a kai magana gaban mai unguwa ko limami, a kira iyayensa ko wani babba da yake jin nauyinsa. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa. Duk abin da aka amince, ranar tashi da yadda zai biya, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Kada ka ɗauko masa 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi. Kada ka tara masa samarin unguwa, ko ka yanke masa wuta, ko ka riƙe babur ɗinsa a matsayin jingina. Kada ka sa hotonsa a Facebook kana kiransa macuci, ƙarar ɓata suna ce ka janyo wa kanka.

Tun daren yau, tattara rasit da shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp inda ya amsa cewa kana bin sa, ka ajiye su inda hannunsa ba zai kai ba.