Kafin a yanke bayan mota a mai da ita ta kaya

Tambaya ce da ke yawan zo mana daga ƴan uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya da Abijan. Mutum ya tara ƴan kuɗinsa ya aiko gida, an sayi tsohuwar mota, yanzu ana so a yanke bayanta a yi mata akwati don ɗaukar buhunan gero da awaki ranar kasuwa. Ƙanen mai motar ya taɓa zama aparanti a gareji, yana da guduma da injin walda, ya ce zai yi aikin a ƙofar gida. To, a bar shi ya yi ko a'a?

Amsarmu ta dogara ga irin motar, kuma nan ne akasari ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa.

Motoci iri biyu ne wajen gini. Akwai masu shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba har baya, inji da ƙafafu duk a kansu suke, jikin motar ɗora shi kawai aka yi aka ɗaure da kusoshi. Haka Hilux take, haka Land Cruiser da manyan kamyo. Irin waɗannan ko ka sauke jikin gaba ɗaya motar tana nan tsaye, sai ka gina mata wani. Amma ƙananan motoci irin su Starlet da Corolla ba su da wannan ƙashin bayan. Jikin shi ne shasin: rufi, ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da daɓen ƙasa, su ne suka haɗu suka riƙe juna. Ku ɗauki kwalin sukari wanda ba a buɗe ba ku murɗa shi, da ƙarfinsa. Ku yanke samansa ku sake murɗawa, sai ya lanƙwashe. Abin da ke faruwa ke nan idan an sare rufin ƙaramar mota. Ranar farko ba a ganin komai. Bayan ƴan watanni a hanyar laterit sai ƙofa ta ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya same shi ba, mota ta riƙa tafiya a karkace. Ranar haɗari kuwa babu abin da zai tare wa mutanen ciki. Mu dai shawararmu, ƙaramar mota marar shasi a bar ta yadda take.

In mota mai shasi ce, aikin yana yiwuwa a gida, amma sai an san halin tol.

Tol ɗin jikin mota siriri ne ƙwarai, galibi bai cika milimita 1 ba. Ƙarfinsa ba daga kauri yake zuwa ba, daga lanƙwasa ne. Shi ya sa kuke ganin layuka da kwaruruka a ƙofar mota da daɓen akwati. Ba ado ba ne kawai, su ke hana shi rawa. Shimfiɗaɗɗen tol ba tare da kwari ba zai yi ta kaɗawa yana ƙara kamar ganga har ya tsage a bakin walda. Kwanon rufin ɗaki kuwa kar ma a kawo shi kusa, ya yi siriri da yawa.

Lanƙwasa ita ma iri biyu ce. Ku naɗe takarda a jikin taɓarya, za ta kwanta lafiya lau. Ku ɗora ta a bayan ƙwarya, sai ta tattare ta yi ninki. Gefen akwati da murfin baya irin na taɓarya ne, lanƙwasa ce ta hanya ɗaya, kowane yaro mai natsuwa zai iya da ƙarfen kwana biyu da abin matsewa. Amma kumatun mota da ke saman taya, da kusurwar rufin kabin, irin na ƙwarya ne. A nan dole ƙarfen ya miƙe a tsakiya ko ya tsuke a baki, kuma nan gwani yake bambanta da mai koyo.

Miƙarwa ita ce mai sauƙi. Duk inda guduma ta faɗa kan tol alhali akwai ƙarfe a ƙarƙashinsa, wurin yana ƙara sirancewa yana faɗaɗa, sai ya kumburo. Masu aikin suna dukansa a kan buhun yashi ko a kan kututturen icce da aka fafe kamar turmi, da gudumar icce, daga tsakiya zuwa waje. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Katako ta Yamai ya ga yadda ake mai da tsohon tano ya koma kasko ko murhu, ya riga ya ga wannan aikin, hannu ɗaya ne. Bayan an samu siffa sai a bi da ƙaramar guduma mai santsin fuska, a tara dunƙulen ƙarfe a baya, a yi ta bugu a hankali har ƙurajen su kwanta.

Tsukewa ce mai wuya, domin ƙarfen da ya miƙe ba ya son komawa. Dabara ɗaya ita ce a tattaro bakin tol ɗin ya yi ninki, sannan a buge ninkin ya nutse cikin kansa. Ɗayar kuma da wuta: a gasa wuri kaɗan kamar faɗin ƙwandala har ya yi ja, a ɗan bubbuga kewayensa, a sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarfen zai ja jikinsa. Kuskuren mai koyo shi ne in ya ga kumburi sai ya ƙara duka, alhali duka ne ya kawo kumburin. Kuma tol in ya sha guduma da yawa yana taurara, daga nan sai tsagewa. Don haka kafin a taɓa ƙarfe a fara yanka siffar da kwali, a gwada a hagu, a juya shi a gwada a dama. Kwali ba shi da tsada.

Sai walda. Kowace walda tana tsukewa in ta huce, tana jan tol ɗin da ke kewaye. Wanda ya ja layi ɗaya tun daga wannan baki har wancan, zai tashi ya tarar da faranti ya murɗe. Ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya can ɗaya, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani. Injin bagit da ake haɗa ƙofofin gida da shi huda siririn tol yake yi, ya fi dacewa da ƙarafan akwati masu kauri. Shi kansa shasin kuma ba a huda leɓensa ko a yi masa walda barkatai; akwatin a ɗaure shi da kusoshi a wuraren da kamfani ya tanada.

Akwai abubuwa biyu masu haɗari ƙwarai a wannan sana'a, muna roƙo a saurara. Tankin esansi ko tano da ya taɓa ɗaukar mai, ko ya shekara a bushe, tururin da ke ciki yana iya fashewa da tartsatsi ɗaya. A sauke tankin a kai shi nesa kafin a kunna wuta. Na biyu, tol mai ruwan tutiya, wanda ake ce wa galba, in wuta ta taɓa shi yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Madarar da ake ba yara su sha bayan aiki ba ta kare huhu. A goge tutiyar a wurin da za a yi walda, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a kuma kori ƙananan yaran gida daga wurin.

Kada kuma a manta, sabon akwati ba ya ƙara wa mota ƙarfin birki ko na taya. In an ɗaga bangonsa sama sosai aka loda buhuna, mutane suka hau bisa, nauyi ya koma sama, kwana ɗaya ta ishe ta kifewa. Kuma kart giriz ta faɗi irin motar da yawan mutanen da take ɗauka. In an sauya siffa, a je ma'aikatar sufuri a tambayi yadda za a daidaita takardu tun kafin jandarma ko masu asirans su yi tambayar.

Ku da ke waje kuna aiko kuɗi, ga abin da za ku nema. Kar ku gamsu da hoton mota bayan an fesa fenti, domin mastik yana rufe kowace ɓarna, ga shi in ya yi kauri zafin rana da girgizar hanya suna tsaga shi, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ta ciki. Shafe kaɗan ake so, milimita 2 zuwa 3, ba a gina siffa da shi. Ku ce a turo muku hoto ta WhatsApp tun ƙarfe yana tsirara, a nuna walda ciki da waje da inda akwati ya zauna kan shasi. In an riga an yi fenti, a sa wani ya bi jikin da ɗan mayen ƙarfe irin na tsohuwar sifika. Inda ya kama, tol ne a kusa. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne aka cusa.