Kuɗin Naƙasa a Gabon: Wa Ake Ba, Kuma Yaya Ake Lissafinsa?

 Wannan makon mun leƙa Libreville, babban birnin Gabon, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci: masu raka shanu daga Kamaru su shiga ta Bitam, da mahauta, da 'yan tireda a kasuwar Mont-Bouët, da masu gadi, da direbobi, da 'yan dako a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Akwai maganar da ke yawo a tashoshin mota da kasuwannin kara, wai a Gabon duk wanda ya naƙasa gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, tunda ƙasa ce mai man fetur. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma in ka ɗauke ta haka ɗungurungum, ranar da buƙata ta taso za ka sha mamaki.

Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, kafin a dubi girman rauninka sai an dubi takardunka. Kai ɗan ƙasa ne ko baƙo? Maigidanka ya yi maka rajista ko bai yi ba? A bakin aiki abin ya same ka ko a wani waje? Amsar waɗannan tambayoyi ita ke nuna ƙofar da za ka shiga, kuma ƙofofin uku ne, kowace da nata lissafi. Za mu yi lissafin da jika, wato sefa 1,000. Takardun kuɗin Gabon daban suke da na Nijar, amma a hukumance darajarsu ɗaya ce.

Ƙofa ta farko: tallafin gwamnati

Gabon tana da doka mai lamba 19/95, wadda aka sa wa hannu ranar 13 ga Fabrairu 1996, kan kare masu buƙata ta musamman. Dokar ta tanadi katin naƙasa, wanda ke ba mai shi rangwame a asibitocin gwamnati, da kuɗin shiga motocin gwamnati, da kuɗin makaranta. A 2007 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu.

Kuɗin hannu da aka daɗe ana ba naƙasasshen da ke cikin rajistar ma'aikatar walwalar jama'a jika 75 ne a shekara. A shekara fa, malam, kada kunnenka ya ji wata. In ka raba shi gida 12, kowane wata ya tashi sefa 6,250, a rana kuwa sefa 200 da 'yan kai. Ka gwada wannan da mafi ƙarancin albashi a ƙasar, wanda ke jika 80 a wata tun 2006, sai ka ga tallafin shekara guda bai kai albashin lebura na wata ɗaya ba. Libreville kuwa gari ne mai tsada, abincinsa mafi yawa daga waje ake kawo shi. Wannan kuɗi ba a lissafa shi da albashi ko shekarun aiki, adadi ne tsayayye, kuma an sha jin naƙasassu a birnin suna kukan jinkirin biyansa.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne inshorar lafiya ta CNAMGS, hukumar da aka kafa a 2007. Tana da asusu na musamman domin 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda abin da suke samu a wata bai kai jika 80 ba. Mai katinta, hukumar na biya masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin magani, in ciwo ne mai daɗewa kashi 90. Ga wanda ke zaryar asibiti kullum, wannan ya fi jika 75 ɗin nesa ba kusa ba.

To amma wannan ƙofa ta 'yan ƙasa ce. Hausawan Gabon, waɗanda kakanninsu suka zauna a Oyem da Bitam fiye da shekara 100 da suka wuce, in suna riƙe da takardun ɗan ƙasa, haƙƙinsu ne kamar kowa. Kai kuwa da ka zo daga Maraɗi ko Katsina ko Garwa da katin zama na baƙo, ko ka shekara 20 a Libreville, kada ka sa rai da ita.

Ƙofa ta biyu: fanshon naƙasa na ma'aikaci

Wannan tana hannun CNSS, asusun ma'aikatan kamfanoni da masu aikin albashi a ƙarƙashin wani, bisa dokar 25 ga Nuwamba 1975. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu asusun daban. A nan baƙo yana da rabo, muddin aikinsa na kan ƙa'ida kuma maigida ya yi masa rajista. Kowane wata ana yankar wani abu daga albashinka, maigida ya ƙara nasa, a zuba a asusun. An yi shekaru ana yankar kashi 2.5 daga ma'aikaci, maigida ya ba da kashi 5 domin fansho. Irin wannan adadi gwamnati kan sauya shi, saboda haka takardar albashinka ce za ta nuna maka abin da ake cirewa yanzu.

Fanshon naƙasa, wanda a ofis za ka ji ana ce masa pension d'invalidité, na wanda ciwo ko haɗarin da bai shafi aiki ba ya kwantar da shi ne kafin ya kai shekarun ritaya, kamar shanyewar ɓarin jiki ko makanta. Sharuɗɗansa: ka kai shekara 5 da rajista, kuma a cikin shekara 5 na ƙarshe kafin ciwon an zuba maka kuɗi na wata 30. In haɗari ne ya jawo naƙasar, ana sassauta sharaɗin daɗewar, in dai kana cikin rajista kana aiki lokacin da abin ya faru. Sannan likitan asusun sai ya tabbatar cewa ba ka iya samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da takwaranka mai lafiya ke samu a irin sana'arku.

Ga yadda lissafin yake. Za a ɗauki matsakaicin albashinka na shekarun ƙarshe. Daga nan a lissafa fanshon tsufan da za ka samu da a ce ka ci gaba da aiki har ritaya, wato shekarun da ciwo ya hana ka yi ana ƙirga maka su. Sai a ba ka kashi 60 cikin 100 na wannan fansho. A ce lissafi ya nuna da ka kai ritaya za ka riƙa karɓar jika 100 a wata, to fanshon naƙasarka jika 60 ne. Ka lura da kyau, kashi 60 ɗin na fansho ne. Mutane da yawa sukan ɗauka kashi 60 na albashi za a ba su, sai su je su tarar da abin da bai kai rabin albashin ba.

Ƙofa ta uku: haɗari a bakin aiki

Ita ma a hannun CNSS take, amma maigida kaɗai ke zuba kuɗinta, kuma ba ta da sharaɗin daɗewa. Ko ranar farko da ka kama aiki abin ya faru, in kana cikin rajista kana da haƙƙi. Ta haɗa da injin yankan katako da ya ci hannun ma'aikaci, irin aikin da ake yi a masana'antun Nkok kusa da Libreville, da kayan da suka danne ɗan dako, da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, da ciwon da sana'ar kanta ta jawo. Asusun ke ɗaukar kuɗin magani, ya kuma ba da kuɗin kullum a lokacin jinya.

In rauni ya warke ya bar naƙasa, likita zai ƙiyasta ta da kashi cikin 100. In ba ta kai kashi 10 ba, kuɗi ne dunƙule sau ɗaya, shi ke nan. In ta haura, sai a yanka maka abin da za ka riƙa karɓa. A nan ne lissafin ke da 'yar murɗiya, to bi ni a hankali. Daga kashi 50 zuwa ƙasa ana raba adadin biyu. Abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa.

Mu ɗauki mai albashin jika 200 a wata. In likita ya ce naƙasarsa kashi 30 ce, a raba biyu ya zama 15, kashi 15 na jika 200 kuwa jika 30 ne a wata. In kashi 50 ce, ya zama 25, wato jika 50. In kashi 70 ce, hamsin ɗin farko sun zama 25, ashirin ɗin da suka haura sun zama 30, a haɗa 55, wato jika 110. In naƙasar ta kai kashi 100, 25 da 75 sun cika 100, zai karɓi albashinsa cif. Wanda kuma ba ya iya ci ko wanka sai da mai taimako, akwai ƙarin da ake yi masa. Ka ga ke nan adadin da likita ya rubuta shi ne komai. Ranar awo ka je da duk takardun asibiti da hotunan ƙashi, in Faransancinka bai nuna ba ka tafi da mai fassara.

Inda ake cutuwa

Duk lissafin nan a kan albashin da aka rubuta wa asusun ake yin sa. In maigida yana ba ka jika 200 a hannu, amma jika 100 ya rubuta a takarda don ya rage abin da zai zuba, to mai kashi 30 ɗin nan jika 15 zai samu maimakon 30, kuma haka zai yi ta karɓa. Wani maigidan ma yana yankar kuɗin daga albashi ya ƙi kaiwa. Saboda haka ka san lambarka ta CNSS, ka adana takardun albashi wata bayan wata, ka kuma riƙa zuwa ofishinsu kana neman a nuna maka watannin da aka zuba maka.

In haɗari ya faru, wajibi ne maigida ya sanar cikin kwana biyu. In ya yi ƙememe, kai ko danginka ku kai maganar CNSS da ofishin sufeton ƙwadago, ku riƙe takardar likitan da ya fara duba ka da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Kada a lallaɓa ka da 'yan kuɗi a asibiti a ce ka sa hannu a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba.

Sai batun jira. CNSS ta sha fama da ƙarancin kuɗi, har a watan Yuni 2022 gwamnati ta rushe shugabancinta ta naɗa na riƙo. Ko fayil ɗinka ya cika, ka shirya wa jinkiri kafin kuɗin farko ya fito, kada ka ci bashi da sunansa. Bayan an fara biya, ana iya sake kiranka awo, a ƙara ko a rage gwargwadon yadda jikin ya koma, kuma lokaci-lokaci za a nemi shaidar cewa kana raye.

In ka yi niyyar komawa gida

Wanda ya naƙasa, zuciyarsa gida take. Amma kada ka ɗaure kaya sai ka daidaita da asusun. Gabon da Nijar da Kamaru da Chadi duk suna cikin CIPRES, ƙungiyar asusun ma'aikata ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1993, Najeriya kuwa ba ta ciki. Zama cikin ƙungiya ɗaya kaɗai ba ya sa kuɗi su bi ka har Damagaram, sai da yarjejeniyar da ke aiki tsakanin asusun biyu. Ka tambaya tun kana Libreville: za a biya ni a ƙasata? Ta wane banki? In ba za a biya ba, me zai faru da abin da aka yanka mini? Ka nemi amsar a rubuce, da hatimi.

Wanda ba ya cikin ko ɗaya

Yanzu mu faɗa wa juna gaskiya. Mai raka shanu da aka yi jinga da shi da baki, da ɗan tireda mai cin gashin kansa, da yaron shagon da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, in baƙi ne, duk ƙofofin nan uku a rufe suke gare su. In sa ya soke ka a kara, ko babbar mota ta kife da kai tsakanin Oyem da Ndjolé, babu ofishin da zai lissafa maka ko dala.

Tanadinka sai ka yi shi da kanka tun kana da lafiya. Kafin ka hau mota da dabbobin wani, ku yi magana a gaban shaidu, in da hali a rubuce: in na ji rauni wa zai biya asibiti, wa zai mayar da ni gida? Ka tabbata motar tana da inshora mai rai, don a haɗarin hanya nan ne ake neman diyya. Ka shiga ƙungiyar 'yan garinku ko ta abokan sana'a, ka riƙa zuba adashi ko asusun taimakon juna. Kai kuma Alhaji mai shago ko mai mota, in kana da yara masu yi maka aikin albashi, yi musu rajista. Doka ce ta ce a yi, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, nauyin ba zai hau kanka kai kaɗai ba.

Mai ɗan'uwa a Libreville ko Port-Gentil, in kun yi waya, ka tambaye shi ko yana da lambar CNSS. In ya ce bai sani ba, ka ce ya je ya bincika tun yana kan ƙafafunsa. Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.