Sana'ar da Ake Yi a Baibai

Lokacin da muke lakwal a Matameye, akwai wani dattijo mai yin hatimi da ke zama a wata rumfa kan hanyar kasuwa. Kayan aikinsa duka ba su cika gwangwanin madara ba: reza da aka karya biyu, guntayen roba, ƴan katakai, da abin dangwalar tawada. Mukan tsaya a kansa har mu makara, don yadda yake yanka haruffa a baibai, kowanne ya juya baya. Sai ya dangwala ya buga a takarda, rubutu ya miƙe tsaf. In hannunsa ya zarce ko da kaurin gashi ne, robar ta tashi aiki, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Sai da na girma na san cewa wannan aikin yana da babban wa, wato buga zane. Mai sana'ar yakan zana hoto a kan allon katako ko faifan roba mai tauri, ya ƙwaƙule duk inda yake son ya fito fari, ya bar tudun da zai ɗauki tawada. Ya shafa tawadar, ya shimfiɗa takarda, ya danne da injin matsi, ko ya murza da bayan cokali in ba shi da inji. Kowane launi da allonsa, kuma dole su hau kan juna daidai. Wasu a faifan ƙarfe suke aiki, ruwan asid ne ke cin layukan. In an gama, sai a rubuta lamba a ƙasa da fensir, kamar 7/30: na bakwai cikin talatin. Nan ne sana'ar ta fi burge ni. Hoton fenti ɗaya ne tilo, mai kuɗi ya saya ya kulle a ɗaki. Bugaggen zane kuwa gida talatin zai shiga.

Ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan aiki a Afirka, a Zariya ya yi karatu. Bruce Onobrakpeya ɗan ƙabilar Urhobo ne, an haife shi a 1932 a Agbarha-Otor, cikin jihar Delta ta yanzu. Ya riga ya fara koyar da zane a birnin Benin kafin ya zo kwalejin Zariya a 1957, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane da daga baya aka yi wa laƙabi da ƴan tawayen Zariya. Tawayen nasu bai wuce wannan ba: za su karɓi dabarar da malamai Turawa ke koyarwa, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Shi ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa, su kunkuru da damisa. Ya kuma yi wa littattafan Chinua Achebe da Cyprian Ekwensi hotuna.

A 1967 ya yi kuskuren da ya zame masa alheri. Ya zuba wa faifan ƙarfe asid ɗin da bai dace ba, faifan ya ciwu fiye da kima. Kayan aiki na da wuyar samu, bai yar ba, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite. Da ya buga, takarda ta fito da tudu da kwari, zanen da har yatsa na iya bi. Daga nan ya gina salon da aka san shi da shi a duniya. Ni dai ba sa'ar nake gani ba, hannun nake gani: mutumin da ya saba da tsimi, wanda ba ya jefar da abu sai ya juya shi ya duba bayansa. Hatta tsofaffin allunan robar da ya gama bugu da su, yakan shafe su da ruwan tagulla su zama abin rataya a bango.

Duk da sunan da ya yi, bai bar alli ba. Ya koyar a kwalejin St. Gregory ta Legas daga 1963 zuwa 1980, sannan a 1998 ya buɗe taron bita na shekara-shekara a garinsu, wanda ya raɗa wa sunan hunturu, inda mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba suke zama kan tebur ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ido ba shi muka rasa ba. Duk wanda ya zaga Birni a Damagaram ya ga zanen da magina suka yi a fuskar soraye, ko ya riƙe ƙwaryar da aka yi wa ado da wuƙa, ya san hannun yana nan. Mai nuna wa yaro hanya ne ya yi ƙaranci, ga shi hatimi ma yanzu kwamfuta ke fitar da shi. Kwanan baya na raba dankali biyu na ba ɗiyata, na ce ta sassaƙa harafin farko na sunanta. Ta yanka shi daidai yadda take rubuta shi a allo, ta buga, ya fito a juye. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta miƙo hannu ta karɓi ɗaya ɓarin.