Mata Biyar Da Suka Yi Mako Biyu A Ƙarƙashin Teku

'Yan'uwana mata, yau za mu yi nisa da gida. A tekun Karebiyan akwai wani ɗan tsibiri mai suna St. John, wanda ke ƙarƙashin mulkin Amurka. Ba shi da filin jirgin sama, sai ta ruwa ake zuwa, kuma fiye da rabinsa gandu ne da gwamnati ta keɓe tun 1956. Ruwansa garau ne, har kina cikin kwalekwale kina hango yashin ƙasa. Nan ne mata biyar suka nutse cikin watan Yuli na 1970, ba su fito ba sai bayan mako biyu.

Kada ki ce almara ce, bari ki ji yadda abin yake.

Mai nutso yakan goya tukunyar ƙarfe da aka ɗura wa iska, ya kama bututunta da baki, ya rufe idanu da hanci da gilashi, ya sa takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Wannan shi ake kira sukuba. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka ƙera irin na'urar da ta yaɗu a duniya, a 1943. Amma fa akwai sharaɗi. Ruwa na da nauyi, kowane mita 10 da mutum ya sauka sai matsin ya ƙaru da kwatankwacin na iskar da muke ciki a tudu. Matsin nan yakan tura iskar naitirojin cikin jini. Kin san yadda kwalbar lemo ke kumfa in an buɗe ta farat ɗaya? To haka jini yake yi in mai nutso ya daɗe a ƙasa ya taso da gaggawa. Gaɓoɓi su yi ciwo, wani ya shanye, wani ma ya rasa ransa. Don haka masu bincike sukan ɗan leƙa ne su komo, kamar baƙon da ya yi sallama daga zaure.

Sai masana suka ce, to me zai hana a gina gida a can ƙasa? Kamfanin General Electric ya ƙera shi, aka sa masa suna Tektite, aka dasa shi a zurfin ƙafa 50 cikin wani lungun teku da ake kira Lameshur. Manyan tankuna biyu ne a tsaye, da ɗakuna huɗu: akwai gadaje, da wurin ɗuma abinci, da wurin wanka, har da talabijin. Ƙofar shiga rami ce a daɓen ɗaki, a buɗe take dare da rana, amma ruwa ba ya shiga. Ki kife kofi cikin bokitin ruwa ki danna shi, za ki ga iskar da ke ciki ta hana ruwan hawa. Dabarar ke nan.

Da aka nemi masana su aiko da takardu, ba wanda ya zaci mata za su nema. Sai ga takardar Dokta Sylvia Earle, masaniyar tsirran teku, wadda ta riga ta yi fiye da sa'a 1,000 tana bincike cikin ruwa. Hukuma ba ta yarda a haɗa maza da mata gida ɗaya ba, saboda haka aka kafa ƙungiyar mata zalla, ita ce shugaba. Sauran su ne Renate True, da Ann Hartline, da Alina Szmant, sai Peggy Lucas, injiniyar da ke kula da injunan da numfashinsu ya rataya a kai.

A lura, shekarun Sylvia 34 a lokacin, matar aure ce da 'ya'ya uku. Ina faɗin haka ne don iyayen da ke cewa lissafi da kimiyya ba su da amfani ga yarinyar da gidan miji za ta. Ku kuma 'yan makaranta da ke gudun darasin kimiyya, kun dai ji.

Abin da ya fi daɗi shi ne abin da zama ya nuna musu. Sukan yi sa'o'i da yawa kullum suna yawo tsakanin duwatsun murjani. (Dangin wanda ake yin tsakiya da shi ne, kuma ba dutse ba ne tun asali, ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi.) Sannu a hankali suka soma gane kifaye ɗaya ɗaya, kamar yadda kike gane kajin gidanki: wannan ga raminsa, wancan ga hanyar da yake bi kowace safiya. Da magariba masu kiwon rana su shige maɓoya, masu yawon dare su fito. Akwai wani kifi mai baki kamar na aku, wanda kan lulluɓe kansa da wani yauƙi kafin ya yi barci. Mai leƙen minti ashirin ina zai ga wannan?

Ranar fitowa ba su taso kai tsaye ba. Sai da suka yi wajen sa'a 20 a kulle cikin wani ɗakin ƙarfe ana rage musu matsi kaɗan kaɗan. Aka yi musu gagarumar tarba a Shikago, aka karɓe su a fadar shugaban ƙasa. Abin haushi, jaridu da yawa sun fi damuwa da kyansu da gashin kansu bisa ga binciken da suka yi. Wannan bai tsayar da Sylvia ba. A 1979 ta taka ƙasan teku a zurfin mita 381 kusa da Hawai, cikin wata rigar ƙarfe, a 1990 kuma ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babbar masaniya a hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka.

Lungun Lameshur na nan shiru, masu nutso suna zuwa har yanzu. Sai dai cuta, da ɗumamar ruwa irin ta 2005, da guguwa irin ta 2017 sun kashe murjani mai yawa a kewayen tsibirin. Masu bincike na yau sukan koma ga rubuce-rubucen wancan zamani don su san abin da ke wurin a dā.