Kalmar "Tuba" da Janye Magana Gaban Jama'a a Ikklisiyar Katolika

Mai fassara dokokin Ikklisiyar Katolika zuwa Hausa yakan yi karo da wata wahala tun bai yi nisa ba. Kalma guda, watau tuba, ita ke fara zuwa bakinsa, alhali kuwa Latin, harshen da aka rubuta dokokin da shi, ya raba al'amarin gida biyu. Wanda bai lura da wannan rabo ba sai ya zaci duk ɗan Katolika da ya taɓa saɓa wa koyarwar Ikklisiya tilas ne ya tsaya gaban jama'a ya yi tir da ra'ayinsa. Ba haka abin yake ba.

Gida na farko shi ne confessio, furta zunubi ga fada a asirce. Majalisar Lateran ta huɗu, a 1215, ta wajabta shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ta kuma haramta wa fada tona abin da ya ji. Wanda kuskurensa bai wuce zuciyarsa ba, nan maganarsa ta ƙare.

Gida na biyu shi ne abjuratio, watau rantsuwa gaban shaidu cewa an rabu da wata koyarwa. Ita Galileo ya yi a Roma ran 22 ga Yuni 1633, yana durƙushe, ya janye maganarsa cewa duniya ce ke kewaya rana. Dalilin irin wannan rantsuwa ba wuyar ganewa: abin da aka ɓata a fili, a fili ake gyara shi. Kundin dokoki na 1983 bai ɗauki kowane kuskure a matsayin karkata daga bangaskiya ba, sai wanda aka nace a kansa da taurin kai. Kuma ba a ɗage horo sai mai laifin ya bar nacin, ya gyara tuntuɓen da ya jawo wa wasu, ko ya yi alkawarin gyarawa. Saboda haka nauyin yakan faɗa kan malami da marubuci, waɗanda muryarsu ta yi nisa. Aibin hanyar kuwa shi ne alƙali ma yana kuskure, kamar yadda Paparoma John Paul na biyu ya amsa a 1992 game da waɗanda suka hukunta Galileo.

A da, har ɗan wata ɗarika mai son shiga Katolika sai ya yi rantsuwar. Bayan Majalisar Batikan ta biyu, wadda ta ƙare a 1965, aka daina neman haka ga wanda aka haifa cikin ɗarikar, don ba shi ya yi tawayen ba; shaidar bangaskiya kawai yake yi.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne shari'ar Fada Tissa Balasuriya na ƙasar Siri Lanka. An yanke shi daga Ikklisiya a Janairun 1997 saboda wani littafi da ya rubuta a kan Maryamu, aka mayar da shi a Janairun 1998. A takardar sulhun bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi an ga kurakurai cikin rubutunsa, kuma yana baƙin cikin ɓarnar da hakan ya jawo. Bahaushe ya san aikin wannan "an" sarai, domin da ita ake ambaton aiki a ɓoye mai aikin. Hukumar Roma ta karɓi jimlar a matsayin gyara, magoya bayansa kuwa suka ce bai janye kome ba, kuma nahawu bai ƙaryata ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai fassarar da ya rubuta "ya tuba" a wannan wuri ya yanke hukuncin da takardar kanta ta ƙi yankewa.