Tattalin Rarar Kaka da Zuba Jari a Mahangar Fiƙihun Malikiyya: Nazari a Kan Magidantan Sandamu

Gabatarwa

Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure. Mafi yawan mutanenta manoma ne da masu kiwo, waɗanda dukiya kan shigo hannunsu sau ɗaya a shekara, wato da kaka, alhali buƙatun gida ba sa yankewa. Saboda haka magidancin da ya sayar da geronsa da araha a watan Nuwamba, shi ne kan koma kasuwa a watan Yuli ya saye shi da tsada, sau da yawa da kuɗin bashi. Wannan maƙala tana bayanin yadda ya kamata a tsara rarar kaka, da hukuncin hanyoyin da ake juya ta.

Matsayin tanadi a Shari'a

Kiyaye dukiya yana cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, kamar yadda Imam Shaɗibi ya yi bayani a cikin Al-Muwafaƙat. Tanadi bai saɓa wa tawakkali ba. A Suratu Yusuf, aya ta 47 zuwa ta 49, Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa mutanen Masar ajiye amfanin shekarun wadata a zangarniyarsa domin shekarun fari, kuma wannan shi ne aikin rumbu a ƙasar Hausa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara guda. Haka nan ya hana Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA) yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, yana nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo.

Abin da ake gabatarwa kafin jari

Ba a kiran dukiya rara sai an fitar da haƙƙoƙin da suke kanta. Na farko zakka. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300, kimanin kilo 650, ana fitar da ushiri idan noman damina ne, rabin ushiri idan ban ruwa aka yi da inji. A mazhabar Malikiyya gero jinsi ne daban, dawa ma jinsi ce daban, ba a haɗa su don a cika nisabi. Na biyu bashin da lokacinsa ya yi, domin jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne. Na uku cimakar iyali har zuwa sabuwar kaka. Na huɗu ajiyar ko-ta-kwana saboda rashin lafiya ko haihuwa, a wani abu mai saurin sayuwa, kamar akuya ko 'yan kuɗi a asusu. Abin da ya saura bayan waɗannan shi ne jari. Wanda ya tsallake wannan jeri yakan tsinci kansa yana sayar da jarinsa a lokacin da kasuwa ta faɗi.

Illar ajiye tsabar kuɗi

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 da sakin farashin naira a watan Yuni na shekarar, hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ma'ana, naira 100,000 da aka ɓoye shekara guda a irin wannan yanayi ba za ta sayi fiye da abin da naira 75,000 take saye a baya ba. Idan kuma kuɗin sun kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, za a riƙa fitar da kashi 2.5 cikin 100 duk shekara. Wannan ne ya sa Sayyidina Umar (RA), kamar yadda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta.

Hanyoyin gargajiya da hukuncinsu

Ajiyar hatsi ita ce jarin da aka fi sabawa da shi. Manomin da ya ajiye abin da ya noma har farashi ya gyaru bai shiga cikin haramtaccen ɓoye abinci ba. Abin da aka hana shi ne kwashe abinci daga kasuwa a lokacin ƙunci ta yadda jama'a za su cutu. Sai dai ribar ajiya ba tabbas ba ce: ƙwari sukan ci wake, farashi kuma yakan faɗi. Wajibi ne a lissafa kuɗin buhu da magani da ɗauka kafin a ce an ci riba. Wajen zakka, Malikiyya sun bambanta mudiri, mai saye da sayarwa kullum, wanda yake ƙiyasta hajarsa duk shekara, da muhtakiri, mai jiran kasuwa, wanda yake fitar da zakkar shekara ɗaya idan ya sayar.

Kiwon raguna domin layya da turkar shanu suna da kasuwa kusa, domin kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa tana cikin manyan kasuwannin kan iyakar Nijeriya da Nijar. Amma rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, wadda ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024, ya nuna cewa farashi yana iya motsawa saboda dalilin da ba ya hannun mai kiwo. Hikima ita ce a raba jari tsakanin hatsi da dabba da wani abu na uku.

Bayar da jari ga ɗan kasuwa shi ne ƙiradi, wanda wasu mazhabobi suke kira mudaraba. Sharaɗinsa a ba da tsabar kuɗi, a yanka rabon riba da kaso kamar rabi ko sulusi, hasara kuma ta hau kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba. Idan aka ba da naira 500,000 a kan rabi, aka sami ribar 120,000, kowa ya ɗauki 60,000. Idan kuwa aka ce lallai a kawo 20,000 kowane wata kuma uwar kuɗi tana nan, ƙiradin ya ɓaci, ya koma rance mai ruwa.

Akwai mu'amaloli biyu da suka yaɗu a karkara waɗanda suke buƙatar gyara. Ta farko ranta buhun gero da damina a karɓi buhu da rabi da kaka, wannan riba ce ƙarara. Mafita ita ce salam: a biya manomi kuɗi gaba ɗaya, a ambaci nau'in hatsi da ma'auni da lokacin karɓa, ba tare da an ɗaura shi ga amfanin wata gona ayyananniya ba. Ta biyu jinginar gona, inda mai ba da rance yake noma gonar har a biya shi. Malaman Malikiyya ba su halatta sharɗanta amfani da jingina a cikin rance ba, domin rance ne da ya jawo amfani. Mafita a nan hayar gona ce da kuɗi sananne na shekaru sanannu. Adashi kuwa, mafi yawan malaman wannan zamani sun halatta shi idan kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba, sai dai hanyar tara kuɗi ce kawai, ba ya haifar da riba.

Hanyoyin zamani

Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin cikakken bankin da ba ya mu'amala da ruwa na farko a Nijeriya, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Suna da asusun ajiya zalla, da asusun jari bisa mudaraba. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai asusu.

Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko a watan Satumba 2017, na naira biliyan 100, na tsawon shekara 7, domin gina hanyoyi. An gina shi bisa ijara: mai saye yana da kaso a kadarar, yana karɓar kuɗin haya sau biyu a shekara, kuma a lokacin da aka fitar da shi, da naira 10,000 ana iya shiga. Ma'aikatan gwamnati, irin su malaman makaranta, suna iya neman a mayar da kuɗin fanshonsu asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da ruwa, da hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar a 2021. Hannun jari ya halatta idan sana'ar kamfanin halas ce, kuma ma'aunin cibiyar AAOIFI ta Bahrain ya sharɗanta kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙimar kamfanin, kada haramtaccen kuɗin shiga ya wuce kashi 5, a kuma fitar da wannan kaso a sadakar.

Alamomin damfara

MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, CBEX ta durƙushe a watan Afrilu 2025. Tsarin irin waɗannan ɗaya ne: ana biyan na farko da kuɗin na baya, har ranar da masu shigowa suka ragu. Alamominsu uku ne: alƙawarin riba mai yawa tabbatacciya, da rashin wata haja ko sana'a da ake gani, da ba da lada ga wanda ya kawo wasu. Ƙa'idar fiƙihu ita ce cin riba yana tare da ɗaukar hasara, duk wanda ya cire ɗaya ya bar ɗaya to ko dai mai ba da ruwa ne ko macuci. Sanya wa kamfani sunan Larabci ko kiran sa halas ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne rajistarsa a hukumar SEC, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sanya gudanar da irin wannan tsari cikin laifukan da ake ɗauri a kansu.

Kammalawa

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Yawancin rigingimun ƙiradi da jingina da gado suna tasowa ne daga amanar da ba a rubuta ba, musamman tsakanin 'yan'uwa. Ya kamata magidanci ya riƙe littafi, da boko ko da ajami, mai ɗauke da abin da ya mallaka da abin da yake bi da abin da ake bin sa, ya kuma bambanta dukiyar matarsa da ta marayun da suke hannunsa daga tasa. Haka nan yana da kyau limamai da malaman zaure su riƙa karantar da babin ciniki na Risala gabanin kaka, lokacin da mutane suke shirin ƙulla waɗannan mu'amaloli. Allah ne Mafi sani.